Disamba a zango: yadda Kirsimeti ke shiga tukunyar wanda ba bikinsa ba ne

Da yammacin 24 ga Disamba, wanda ya ratsa unguwar Briqueterie a Yawunde zai ɗauka sallar mazauna unguwar ce ta zo. Hayaƙin tsire ya turnuƙe titi tun kafin magariba, motoci sun yi cirko-cirko, 'yan acaɓa na kurɗawa tsakaninsu, kowace tukuba da layin mutane a gabanta. Akasarin masu sayen ba 'yan unguwar ba ne. Daga Bastos da Mvog-Ada da Biyem-Assi suke zuwa wurin da mutanen gari suka yi wa laƙabi da "ma'aikatar soya", su sayi naman da za su kai gida don réveillon, wato zaman ci da sha na daren jajibirin Kirsimeti. Masu gashin kuwa galibinsu Hausawa ne da Fulani Musulmi. Bikin ba nasu ba ne, amma kasuwarsa tasu ce.

Haka lamarin yake a New Bell ta Duwala, da Treichville da Adjamé a Abijan, da Zongo ta Kwatano, da Nima ta Akra. A waɗannan birane Bahaushe tsiraru ne, kuma kalandar gari ba ta bin tasa. Duk da haka Disamba na iske shi har cikin gida. Farashin cefane na tashi, gayyata na yawaita daga wurin aiki da wajen maƙwabta, yara na gida saboda hutun makaranta, lokacin girki kuma ya yi ƙaranci. Akwai kuma Hausawa Kiristoci, a Najeriya da Nijar da cikin zangunan kansu, waɗanda ranar tasu ce kai tsaye, suna dafa shinkafa da miya da waina su rarraba wa unguwa. Ko wane ɓangare mutum yake, tambayar kusan ɗaya ce: yaya za a ci mai daɗi a waɗannan kwanaki goma, a waje da a gida, ba tare da an taɓa aljihun Janairu, ko lafiyar ciki, ko zumuncin maƙwabta ba?

Inda kuɗin ke fitowa

Cunkoson gidajen abinci a ƙarshen shekara yana da dalili, kuma ba albashi kaɗai ba ne. A kudancin Kamaru kusan kowane mai sana'a yana cikin wata ƙungiyar adashi, tontine ko njangi, kuma da yawa daga cikinsu a Disamba suke buɗe asusun ajiyar shekara su raba wa kowa nasa haɗe da riba. Wannan rabo shi ake kira cassation. Wasu kamfanoni a ƙasashe masu amfani da Faransanci suna biyan albashin wata na 13. Sannan ga 'yan ƙasa mazauna Turai da Amurka da ke dawowa hutu da kuɗin waje a hannu, waɗanda a Kamaru ake kira mbenguistes. A Gana, tun bayan shirin "Shekarar Dawowa" na 2019 da gwamnati ta gayyato baƙaƙen fata mazauna ƙetare, Disamba ya zama watan da Akra ke cika da baƙi da bukukuwan kiɗa.

Kuɗi da yawa na bin kaya kaɗan a cikin mako biyu. Su kansu mutanen zango suna ƙara wa wutar itace, domin iyalai da yawa a Disamba suke sa ranar aure da suna, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata ke hutu. Uwargidan da ta je kasuwar Mokolo neman kajin walima tana gasa ne da wadda ta zo neman kajin Kirsimeti, a gaban keji ɗaya.

Kaza, albasa da nama

Kaza ce ta fi nuna wannan. Kajin gidan gona masu saurin girma na bukatar kimanin kwana 45 daga ƙyanƙyasa zuwa kasuwa. Ke nan kazar da za a yanka ranar 24 ga Disamba tun farkon Nuwamba aka zuba ta. Idan mai gona bai sami 'yan tsaki a lokacin ba, ko masara da waken soya sun yi tsada ya rage yawan abin da ya zuba, babu abin da zai iya yi a makon bikin, ko nawa masu saye suka miƙo. Shi ya sa farashin ke hawa a 'yan kwanakin ƙarshe, ya kuma sauko da zarar an shiga Janairu.

Akwai bambanci tsakanin ƙasashe. Kamaru ta taƙaita shigo da daskararrun kaji tun tsakiyar shekarun 2000, bayan gangamin da ƙungiyar ACDIC ta marigayi Bernard Njonga ta jagoranta, don haka mai saye a Yawunde ko Duwala ya fi dogara da kaza mai rai. Wannan ya yi wa Musulmi daidai ta fuskar yanka, tunda ko dai shi zai yanka da hannunsa ko a yanka a gabansa, amma ya bar shi a hannun kasuwar gida. A Gana kuwa mafi yawan kajin da ake ci daskararru ne daga Brazil da Amurka da Turai. Sun fi sauƙin kuɗi, sai dai mai saye ya duba kwalin ko yana da hatimin halal, abin da ba ya yiwuwa idan an riga an zazzage cinyoyin a tire ana sayarwa kilo-kilo.

Albasa ma tana da nata lokacin. Babban girbin albasar Galmi, wadda ke ciyar da kasuwannin Akra da Abijan da Kwatano, yana zuwa ne bayan sanyi, wajen watan Maris. Zuwa Disamba ta rumbu ta kusa ƙarewa, wani kaso ya ruɓe, kasuwa ta koma kan ta Agadas da wadda jiragen ruwa ke kawowa daga Holan. Rufe iyakar Nijar da Benin tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara wa manyan motoci nisan hanya da kuɗin sufuri. Mai tsire da ke rage yankan albasar da yake zuba wa a takarda ba rowa yake yi ba.

Naman shanu ya ɗan fi daidaito, domin hanyarsa a buɗe take duk shekara: daga Adamawa da arewacin Kamaru zuwa mayankar Etoudi a Yawunde da ta Bonendale a Duwala, daga Mali da Burkina zuwa mayankar Port-Bouët a Abijan, daga arewa zuwa kasuwar Tulaku ta Ashaiman a Gana. A nan mutumin zango ya fi kowa gata, tunda fawa sana'ar gidansu ce, kuma ya san mahaucin da zai ajiye masa tsoka mai kyau. Tsohuwar dabarar watanda, wato gida biyar ko goma su haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya a raba kashi-kashi, tana aiki a Disamba kamar yadda take aiki a jajibirin ƙaramar salla. Sauran kayan da ba sa lalacewa, irin su shinkafa, man gyaɗa, tumatirin gwangwani da gawayi, wanda ya saye su a makon farko na wata ya huta da turmutsutsun ranar 23.

Cin abinci a waje

Wuraren cin abinci a waɗannan birane iri-iri ne, kuma sanin sunansu na taimakawa. A Kamaru akwai tourne-dos, rumfar bakin titi da masu ci ke juya wa hanya baya, akwai circuit, gidan da mace ke dafa abinci ta sayar a tsakar gidanta, akwai kuma masu gashin kifi a ƙofar mashaya. A Kodebuwa maquis ne sarki. A Gana chop bar. A gefe guda kuma ga gidajen abincin Sanagalawa masu ceb da yassa, da na Labanawa masu shawarma, waɗanda iyalan Musulmi suka fi sakin jiki da su.

Lokacin zuwa shi ne rabin jin daɗin. Daren 24, yammacin 25 da daren 31 su ne ƙololuwar cunkoso. A irin waɗannan sa'o'i mutum kan yi awa guda yana jiran kifi, a kawo masa wanda ba shi ya zaɓa ba, ga kiɗan da ba ya barin a ji maganar juna. Mai son fita da iyali ya more kuɗinsa, gara ya zaɓi rana tsaka tsakanin 26 da 29, lokacin da masu biki ke hutawa, masu girki kuma ke da sukunin kula da kowane faranti. Gasasshen kifi ba shi da tsayayyen farashi, girmansa ake dubawa, saboda haka a zaɓe shi ɗanye a yi ciniki kafin ya hau wuta. Wanda ya bari sai ya ci ya ƙoshi sannan ya tambayi kuɗi, a daren 31 ga Disamba, ba shi da bakin magana.

Cikar wuri alama ce mai kyau ta wata fuska, domin abincin da ke saurin ƙarewa ba ya kwana. Amma idan oda ta fi ƙarfin wuta, mai gashi kan ƙara gawayi don sauri, sai kaza ta yi baƙi a waje alhali kusa da ƙashi da sauran ja. Wannan ba abin jin kunyar mayarwa ba ne. A yanka wajen cinya a duba, in akwai jini a ce a mayar kan wuta.

Batun halal a nan ya wuce a ce "ba na cin alade". Naman alade a bayyane sauƙin gujewa gare shi. Wahalar tana cikin wanda aka yayyanka ƙanana. A teburin réveillon irin na Faransawa, salak ko taliya ko soyayyiyar shinkafa na iya ɗauke da jambon, lardons ko saucisson, kuma dukkansu daga alade ake yin su sai in an rubuta cewa na kaza ne ko na sa. Pâté ma haka. Wasu miyoyin ana zuba musu vin blanc, kuma kek ɗin Kirsimeti da ake kira bûche sau da yawa ana jiƙa shi da barasar rhum. A bakin titi kuma abin dubawa shi ne waya ɗaya da ake gasa alade da kaza a kai, ko mai ɗaya da ake suya da shi. A chop bar da maquis na ƙauye akwai naman daji, wanda akasari tarko ko bindiga ne ya kashe shi ba yanka ba. Tambaya ɗaya cikin ladabi kafin a yi oda ta wadatar, kuma masu sayar da abinci a garuruwan da aka daɗe ana zama tare sun saba jinta.

Bayan an cire waɗannan, abin da ya rage yana da yawa kuma yana da daɗi. Ndolé, miyar shuwaka da gyaɗa da jatan lande ta mutanen Duwala, da ake ci da miondo na rogo. Poulet DG, kaza da soyayyiyar agada da karas, wadda sunanta ke nufin kazar babban darakta. Gasasshen kifi da alloco a Abijan. Abin takaici ne a ce mutum an haife shi a New Bell, ya yi shekara talatin a can, bai taɓa ɗanɗana ndolé ba saboda tsoron abin da bai tambaya ba.

Abin sha'awa, mai masauki shi ya daɗe da sakin jiki da tukunyar baƙo. Garba, abincin da ya fi kowane shahara a titunan Abijan, attiéké ne da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono, kuma sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. Shi kansa attiéké, a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa fasahar sarrafa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. A Gana waakye daga "wake" ya fito, tuo zaafi tuwon zafi ne, Hausa koko da koose kuma su ne karin kumallon ma'aikatan Akra. Soya ta Kamaru ba sai an yi bayani ba.

Kwanon maƙwabci

Da hantsin 25 ga wata, a gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, yaro kan yi sallama da kula a hannu: shinkafa da kaza daga wajen Maman wane. Ciyayya ce, irin wadda mutanen zango ke yi da naman layya. Wanda ya aika wa maƙwabcinsa cinyar rago a Tabaski ya san cewa kwanon zai dawo a Nowel.

Malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da wannan kwano. Masu halattawa suna kafa hujja da aya ta 5 ta suratul Ma'ida, wadda ta halatta abincin Ahlul Kitabi, suna kallon abin a matsayin haƙƙin maƙwabtaka. Wasu suna rarrabewa tsakanin abinci na yau da kullum da wanda aka yi don bikin addini, wasu kuma damuwarsu a kan yanka take kawai. Kowane gida yana da malamin da yake bi. Maƙwabta Kiristoci da yawa sun daɗe da warware ɓangaren yankan da kansu: tun ranar 24 sukan kira Musulmin gidan ya yanka musu kaza ko akuya, don kowa ya iya ci.

Abin da ya fi ɓata zama shi ne yadda ake ƙin karɓa. Matar da ta tashi tun asuba ta yi girki, ta zaɓi tsoka mai kyau ta aiko, in ta ga an mayar da kwanon a rufe, ko ta hango shi a kwandon shara, ba za ta manta ba. A gari irin Duwala ko Abijan, ranar da gobara ta tashi ko naƙuda ta zo da tsakar dare, wannan matar ce ta fi kusa. Wanda ba zai ci nama ba yana iya faɗa tun kafin ranar, cikin raha, ya ce a aiko masa da ɗanyar shinkafa ko lemo ko cincin, kuma mutane da yawa sun fi son a gaya musu gaskiya da a karɓa a zubar. Kwano kuma ba a mayar da shi wayam. Ko dubulan ne, ko kilishi, ko kwalbar zoɓo, a sa wani abu a ciki.

Haka walimar ƙarshen shekara a wurin aiki. Ma'aikacin da ya sanar da mai shirya taron tun da wuri abin da ba ya ci ya fi samun sauƙi a kan wanda zai zauna gaban faranti yana juya cokali.

Tukunyar gida

A gida matsalar lokaci ce da zafi. Mutanen Sahel sun saba ɗaukar Disamba a matsayin watan sanyi, amma a Duwala da Abijan da Kwatano hunturu ba ya sauke zafin rana yadda zai tsare abinci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga firij ƙasa da digiri 5. Nama da kaza kuma su dahu har cikinsu ya kai digiri 70.

Shinkafa ce aka fi rainawa. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke tsira daga dahuwa, ta hayayyafa idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi, ta kuma saki gubar da ɗumame ba ya kashewa. Babbar kula da aka cika da dafa-duka da ƙarfe goma na safe, ana buɗewa ana rufewa har isha, ita ce irin wurin da take so. Wani lokaci amai da gudawar da ake ɗora wa "maiƙo ya yi yawa" washegarin biki daga nan suke. Salak mai mayonis da dafaffen ƙwai shi ma kada a haɗa shi sai za a ci. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, firij ɗin da aka cusa wa kaya har ƙofa ba ta rufuwa sosai ba abin dogaro ba ne, kuma tsofaffin dabaru sun fi shi: a soya nama ya bushe ƙayau a mai, a tafasa miya safe da yamma, a dafa shinkafa daidai cin lokaci ɗaya.

Wannan ma ya fi sauƙi ga mai girkin. Miyar tumatir mai yawa da aka soya sau ɗaya aka raba a ƙananan robobi tana iya zama ta shinkafa yau, ta waina gobe, ta taliya jibi. Mazan da ke gayyato abokai ba tare da sanarwa ba su tuna cewa a gidaje da yawa na zango matar gidan ita ma a wannan makon kasuwarta ke ci, tana soya ƙosai ko cincin na oda, ko tana ɗinki ko kitso har tsakar dare. Sayo balangu da burodi a irin wannan dare, a haɗa da shayi a ci a tabarma ɗaya, ba gazawar uwargida ba ce. Abin sha kuwa, zoɓo da Kamaru ke kira foléré, Kodebuwa bissap, Gana sobolo, da lemon citta da tsamiya, sun fi katan ɗin lemon kwalba arha nesa ba kusa ba, kuma mai su ke iya rage sukarin.

Su kansu masu ciyar da gari su ne suka fi cin abinci mara kyau a wannan mako. Mai tsire kan tsaya gaban wuta daga la'asar har ƙarfe uku na dare a kan shayi da goro, yaransa masu yanka albasa su kwana a benci. Ribar tana shigowa, amma da yawa a kan bashin nama suke aiki, sai an biya mahauci da mai gawayi sannan a san abin da ya rage.

Janairu

Faransancin Afirka ya ƙirƙiro wa abin da ke biyo baya suna irin na cuta: janviose, ciwon Janairu. Albashin Disamba kan fito da wuri, na Janairu kuma sai ƙarshen wata, tsakaninsu kusan mako shida. A cikin wannan tazara ake komawa makaranta, kuma makarantu masu zaman kansu da yawa a lokacin suke neman kashi na gaba na kuɗin shekara. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji a makon farko na Janairu ya san kujerun da kan zama babu kowa. Mai sayar da abinci ma yana jin ta a jikinsa, tunda kwastoman da ya sayi tsiren jaka biyar a daren 31 yanzu na ɗari biyu yake nema. Cire kuɗin makaranta da na haya a ajiye gefe tun ranar da albashi ko adashi ya fito, kafin a taka kasuwa, shi ne abin da iyalan da ba sa shiga wannan hali suke yi.

Tsarin nan gaba ɗaya zai sake fasali nan da 'yan shekaru. Watan Ramadan na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 1998 da 1999 da 2000 Kirsimeti cikin azumi ta faɗo, kuma dattawan Briqueterie da Nima sun ga lokacin da kwanon maƙwabci ke jira a rufe har a sha ruwa. Bisa lissafin kalanda, a 2031 azumi zai kama wajen tsakiyar Disamba, ranar 25 ga wata kuma ta sake iske mutanen zango da baki a rufe.